Kafin a yi wa kunkurun gida aboki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da na san wasu masu karatu za su yi masa dariya, su ce ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wani kuma ya zauna yana rubuta wasiƙa a kan kunkuru. Na karɓi dariyar da hannu biyu. Sai dai a nan garin Bauchi gidajen da ke da kunkuru sun fi yadda ake zato yawa, kuma a 'yan shekarun nan na sha cin karo da samari ɗauke da kwali a bakin hanya ko a gefen kasuwa, cikinsa 'ya'yan kunkuru suna hawa kan juna, ana tallansu kamar 'yan tsaki. Duk wanda yake da guda ɗaya a gida, idan ya leƙa irin wannan kwali, tambaya ɗaya ce take faɗo masa a rai, wato ko ya ƙara wani. Ni ma ta faɗo mini, har sau uku a lokuta daban-daban, kuma abin da na koya a tsakani shi ne nake son in raba da masu karatu.

Kunkurun gidana ya shekara 14 a hannuna. Surukina, Allah ya jiƙansa, shi ya kawo wa babban ɗana shi daga wajen Gamawa a cikin gwangwanin madara, lokacin girmansa bai wuce akwatin ashana ba. Yara suka sa masa suna Dattijo saboda fuskarsa da yadda yake tafiya kamar ba ruwansa da kowa. A bara muka ɗora shi a baro muka kai shi wurin wani mai sayar da hatsi a unguwarmu, aka aza shi a sikeli, ya ba da kilo 34, kuma har yau bai daina girma ba. Irinsa shi ne babban kunkurun nan mai launin ƙasa-ƙasa da masana ke kira sulkata, wanda asalin mazauninsa shi ne yankin Sahel, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin ƙasar nan da Chadi, har zuwa Sudan da Eritiriya. A duk duniya kunkurun tudu iri biyu ne kawai suka fi shi girma, na tsibiran Galapagos da na tsibirin Aldabra, kuma namijinsa da ya ƙasaita yakan wuce nauyin buhun siminti. Na kawo wannan bayani ne da wuri domin mai sayen ɗan abin da ke cikin kwali ya san abin da ya saya, tunda mai talla ba zai gaya masa ba.

Maganar ƙarin kunkuru ta fara ne daga bakin yara, sannan uwarsu ta mara musu baya. Hujjarsu ita ce Dattijo yana kewa. Suna ganinsa da safe yana zagaya katanga, ya je kusurwa ya dawo, ya sake komawa, sai tausayi ya kama su, su ce ai neman ɗan'uwa yake yi. Maiɗakina kuwa cewa ta yi zaman gwauro ya ishe shi haka, a yi masa aure. Ban ga laifinsu ba, domin mu mutane ne da ba mu san zaman kaɗaici ba, kuma dabbobin da muka saba kiwo duk na garke ne. Akuya ɗaya a turke takan yi ta kuka, tattabara ɗaya takan rame, don haka muke ɗauka kowace halitta haka take. Kunkuru kuwa ba haka Allah ya yi shi ba. Tun daga ranar da ya fasa ƙwai ba ya ganin uwa balle uba, shi kaɗai yake fita ya nemi abincinsa, kuma a daji kowane babban namiji da raminsa da filin kiwonsa, ba sa neman juna sai lokacin barbara ko lokacin faɗa. Zagayen katangar da yara suke fassarawa da kewa, kiwo ne da sintiri irin na dabbar da aka halitta domin ta yi tafiya mai nisa a kullum, kuma abin da yake nunawa shi ne filin ya yi masa kaɗan. Wanda ya ƙara masa wani a wannan fili, ya ƙara masa matsi ne.

Wannan duk a baki na san shi, sai da gani ya kori ji. Shekara uku da suka wuce aka yi wa ƙanina canjin wurin aiki zuwa Gombe, kuma shi ma yana da kunkuru irin nawa, ɗan ƙasa da Dattijo kaɗan a girma. Ya roƙe ni in riƙe masa shi na 'yan makonni kafin ya sami gida mai tsakar gida, na amsa ba tare da wani tunani ba, har ina cewa a raina ga dama ta samu da za a gwada maganar yara. Ranar farko ba abin da ya faru sai sunsune-sunsune. A rana ta biyu Dattijo ya fara bin baƙon duk inda ya sa ƙafa, idan an zuba ciyawa ya hau kanta ya zauna ko da ba ci zai yi ba, idan baƙon ya nufi inuwar bishiyar mangwaro ya riga shi ya tare. Yara suna ta murna wai sun shaƙu, ga shi nan ba sa rabuwa. A rana ta huɗu muka fara jin ƙara kamar ana buga turmi da turmi. Namijin wannan kunkuru yana da wasu ƙahoni biyu da suka fito daga ƙoƙon ƙirjinsa, a ƙarƙashin wuya, kuma da su yake faɗa. Yakan janye kansa ciki, ya taho da ƙarfinsa duka ya soka su a ƙarƙashin abokin karawarsa, yana neman ya ɗaga shi ya kifar. Masu iya magana sun ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa, amma wanda ya ga abin da na gani zai san cewa bai rasa abin da zai yi damben da shi ba.

Abin da ya kawo ƙarshen gwajin ya faru ne wata ranar Talata a watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi yake kai wa maki 40 a ma'auni. Ina wurin aiki, yara suna makaranta. Maiɗakina ta fito bayan azahar za ta kwashe shanya, sai ta tarar da kunkurun ƙanina a kife a bayansa a tsakiyar rana, ƙafafunsa huɗu a sama sun daina ko motsi, kumfa tana fita daga bakinsa, ya yi fitsari ya jiƙe ƙasar da ke kewaye da shi, Dattijo kuwa yana gefe yana cin ciyawarsa hankali kwance. Ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai ba, sai da ta sa taɓarya a ƙarƙashinsa ta bankara, sannan ta ja shi inuwa ta yi ta zuba masa ruwan randa a hankali. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon bayansa, saboda haka idan ya kife kayan cikinsa sukan danne huhun, ga kuma rana tana gasa shi ba shi da hanyar gudu. Da ta ƙara awa ɗaya a ɗaki, da gawa zan mayar wa ƙanina. Ya rayu, amma ya kwana biyar bai ci komai ba, kuma akwai tsaga a gefen ƙoƙonsa har yau. Sauran makonnin a bayan ɗakin girki ya yi su, an tare shi da tsofaffin bulo da kwanon rufi.

Wani zai ce ai kuskurena shi ne haɗa maza biyu, da mace aka kawo da an zauna lafiya. Wannan ita ce maganar da wani saurayi mai kwali ya yi mini bara a bakin hanya, har yana rantsuwa cewa wadda ya ɗaga mini a tafin hannunsa mace ce. Ban ce ƙarya yake yi da gangan ba, amma ba shi da hanyar sani. Ɗan kunkuru ba ya nuna jinsinsa sai ya shekara da shekaru, ƙoƙonsa ya kai kamar tsawon kamu ɗaya da rabi. A lokacin ne cikin namiji yake lotsawa kamar akushi, wutsiyarsa ta yi tsawo da kauri har yana naɗe ta gefe, ita kuwa mace cikinta ya zauna a shafe, wutsiyarta 'yar guntuwa. Kafin wannan lokaci duk kamarsu ɗaya, kuma galibi kama da mace suke yi, shi ya sa mutane da yawa suke shekara bakwai suna kiran nasu da sunan mace kafin gaskiya ta fito. Abin mamaki ma shi ne zafin ƙasar da ƙwai ya kwanta a ciki shi ke yanke jinsin, idan zafin ya yi yawa mata su fi yawa, idan ya ragu maza su rinjaya. Wanda ya sayi ƙarami domin ya zama matar babban da ke gida, caca ya yi, kuma kafin a san sakamakon cacar akwai hatsarin babban ya taka ƙaramin ko ya danne shi a bakin rami ba tare da ya ma san ya yi ba.

A ce ma an dace macen ce, kuma ta girma. Namiji ɗaya da mace ɗaya a tsakar gida ɗaya ba zaman aure ba ne irin wanda maiɗakina take hasashe. A daji idan ya dame ta takan yi tafiyarta, a cikin katanga kuwa ba ta da wurin zuwa, sai ya yi ta binta yana tunkuri yana cizon ƙafafunta safe da yamma, har ta rame, bayan ƙoƙonta ya goge, wani lokaci ta daina fitowa cin abinci. Akwai kuma wani gurnani da namijin yake yi a irin wannan lokaci wanda maƙwabta za su ji ta kan katanga, kuma mai 'ya'ya ƙanana sai ya tanadi amsar da zai ba su. Bayan haka sai ƙwai. Mace takan haƙa rami ta zuba ƙwai 15 zuwa 30 a zama ɗaya, kowanne fari, kewayayye, kamar ƙwallon tebur, kuma takan yi hakan fiye da sau ɗaya a shekara. A ƙasarmu ba a bukatar wata na'ura, zafin ƙasa kaɗai ya isa ya ƙyanƙyashe su bayan wasu watanni. Mai gida da ya so ya kawar wa kunkuru ɗaya kewa zai wayi gari da ashirin, kowannensu kuma zai iya kai girman Dattijo. Raba su bayan an gane kuskure ma ba ya tsayar da abin nan take, domin mace takan ajiye abin da ta samu daga namiji a jikinta, ta ci gaba da yin ƙwai mai ɗa har bayan shekara da rabuwa. Mata biyu su ne suka fi zama lafiya, wannan gaskiya ne, amma ko su akan sami wadda take danne 'yar'uwarta a wurin ci da wurin kwana.

Sai maganar cuta, wadda ita ce mutane suka fi rainawa saboda ana ganin kunkuru kamar dutse ne da ba ya ciwo. Yana ciwo, ɓoyewa ce ya iya. Baƙon kunkuru zai iya zuwa garau a ido alhali yana ɗauke da tsutsar ciki ko ƙwayoyin cutar numfashi, waɗanda ba za su bayyana ba sai sanyin hunturu ya shigo a Disamba, a ga majina da kumfa a hanci, idanu sun kumbura, numfashi yana fita da ƙara. Shi ya sa likitocin dabbobi suke cewa a keɓe sabon zuwa na wata uku zuwa shida, da kwanon ruwansa daban da tsintsiyarsa daban, a kuma kai kashinsa a duba. Abin da ya fi shafar mu masu kiwo a gida shi ne kaska. Wanda aka kamo daga daji sau da yawa yakan zo da manyan kaska maƙale a hammatarsa da gindin wutsiyarsa, inda ido ba ya kaiwa sai an kifa shi an duba. A shekarar 2000 Amurka ta hana shigar da kunkuru iri uku daga Afirka, cikinsu har da irin Dattijo, saboda an same su da kaskar da ke iya ɗaukar cutar nan da ke tara ruwa a kewayen zuciyar shanu da tumaki da awaki ta kashe su. Idan ƙasar da ke bayan teku ta ji tsoron wannan kaska, mai ragon layya a turke taku goma daga ramin kunkuru ya fi cancanta ya ji tsoronta. Haka kuma bai kamata a haɗa iri daban-daban ba. Akwai ƙaramin kunkurun nan na dajinmu mai gaɓa a bayan ƙoƙonsa, wanda yake rufe ƙafafunsa na baya kamar murfin akwati. Shi yana son laima da inuwa, yana cin dodon koɗi da ƙwari da naman kaza, babban kuwa ciyawa ce abincinsa. Haɗa su wuri ɗaya zalunci ne ga ƙaramin.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Kunkuru, kamar ƙadangare da sauran danginsu, yakan ɗauki ƙwayar salmonela a cikinsa ba tare da ta dame shi ba, ita kuwa tana sa mutum zawo da amai da zazzaɓi, kuma ta fi tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi da masu juna biyu. Tun a 1975 Amurka ta hana sayar da ƙananan da ba su kai inci 4 ba, saboda su ne yara suke ɗauka suna wasa da su har su kai baki. A gidajenmu inda yaro yake rarrafe a tsakar gida, ake shanya tsaba a tabarma, ake wanke-wanke a ƙasa, kunkuru biyu kashi biyu ne, kuma wanda ya taɓa share na babba guda ɗaya ya san ba ɗan kaɗan ba ne. A gidana doka ce, duk wanda ya taɓa Dattijo sai ya wanke hannu da sabulu, kuma ba a wanke kwanon ruwansa inda ake wanke na abinci.

Game da fili da ciyarwa ba zan tsawaita ba, sai dai in faɗi abin da ya ci mini kuɗi. Wannan dabba mai haƙa ce, da rami take tsere wa zafin rana da sanyin dare, kuma ramin yakan yi mita da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Dattijo ya haƙa nasa ya bi ta ƙarƙashin harsashin katangar da ke tsakanina da maƙwabcina, ban ankara ba sai da ruwan Agusta ya cika ramin, katangar ta tsage daga sama har ƙasa, na biya birkila, na kuma ba maƙwabci haƙuri. Kunkuru biyu rami biyu ne, domin ba sa yarda su haɗa ɗaya cikin daɗi. Abinci kuwa da damina ba matsala, ciyawa tana ko'ina, amma daga Fabrairu zuwa Mayu sai an saya, kuma idan Babbar Sallah ta gabato sai ka yi gogayya da masu raguna a kan dami ɗaya. A irin wannan lokaci ne ake fara zuba masa ragowar tuwo da shinkafa da wake, shi kuma ba ya ƙi, amma cikinsa ba na wannan ba ne. Irin wannan ciyarwa, tare da ƙarancin ruwa, ita ke sa ƙoƙon ƙarami ya taso tudu-tudu maimakon ya yi sumul, ta kuma haifar da tsakuwa a mafitsara. Ko harawa ma kaɗan ake ba shi, busasshiyar ciyawa ita ce ginshiƙi, sai ganyen yakuwa da ɓawon kankana jefi-jefi. Zancen da ake yi wai kunkuru ba ya shan ruwa kuwa ba shi da tushe. Dattijo yakan tsoma kansa a faranti har hanci ya yi minti biyar yana zuƙa, kuma idan farin abin nan mai kama da alli da yake fitarwa tare da fitsari ya fara yin tsakuwa-tsakuwa, na san ruwa ya yi masa kaɗan.

Akwai kuma tambayar da ban yi wa surukina ba a wancan lokaci, amma yau nake yi wa duk mai kwali, wato daga ina aka samo su. Wannan kunkuru da muke gani kamar ba zai ƙare ba yana ƙarewa a mazauninsa na asali. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta daɗe da sa shi cikin masu rauni, kuma a 'yan shekarun nan ta ɗaga shi zuwa jerin waɗanda ke cikin hatsarin ƙarewa, saboda gurgusowar hamada, da ƙona daji, da yawan dabbobin kiwo da ke cinye ciyawar da yake rayuwa a kai, da kuma kamun da ake yi masa domin sayarwa. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, wato CITES, da aka ƙulla a birnin Washinton a 1973, wadda Nijeriya take ciki, ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje domin kasuwanci tun daga shekarar 2000, kuma mu ma mun yi dokarmu a 1985 a kan cinikin namun dajin da ke cikin hatsari, wadda aka yi wa gyara a 2016. Dabbar da take shekara goma ko fiye kafin ta fara ƙwai ba ta iya mayar da gurbin abin da ake kwashewa da sauri. Duk wanda ya sayi ɗaya a bakin hanya, ko da tausayi ne ya sa shi, ya ba mai kwali dalilin komawa ya cika kwalinsa. A kan wannan ne na mayar wa saurayin nan da abinsa, autata tana kuka har muka iso gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekaru. Irin wannan kunkuru yakan wuce shekara 70. Masu karatu za su tuna Alagba, kunkurun fadar Soun, wato sarkin Ogbomosho, da ya mutu a watan Oktoba na 2019, wanda mutanen fada suka ce ya shekara 344. Masana sun yi shakkar wannan adadi, ni ma ina tare da su, amma ko kashi ɗaya cikin huɗu aka ɗauka ya isa ya nuna cewa wannan dabba takan binne mai ita. Ni yanzu na haura hamsin, Dattijo bai cika sha biyar ba, saboda haka idan Allah ya bar shi, cikin kayan gado zai shiga, kuma ban san wanda zai karɓe shi cikin 'ya'yana ba, tunda zaman haya da gidan bene ne yake jiran yawancin 'yan zamaninsu. Musulunci bai hana ajiye dabba a gida ba, amma kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwa shekara goma sha ce, wannan kuwa amana ce da mutum yake ɗaura wa jikokinsa ba tare da ya shawarce su ba. Sakinsa a daji idan an gaji ma ba mafita ba ce. Na ji masu cewa sai su kai nasu Yankari su ajiye, alhali dabbar da ta tashi a tsakar gida za ta iya kai wa na daji cuta, kuma gandun ba juji ba ne da kowa zai je ya zubar da abin da ya ishe shi.

Da a nan maganar ta tsaya, da sai in ce amsata ita ce a'a, in rufe wasiƙa. Amma a watan jiya tambayar ta dawo mini karo na uku ta wata fuska da ban shirya mata ba. Wani dattijo da muke sallah a masallaci ɗaya ya rasu, magada sun sa gidan a kasuwa, kuma a bayan gidan akwai kunkurun da ya fi shekara 30 a wurin. Babu mai so a cikinsu. Wani ya kawo shawarar a sayar wa masu haɗa magani, wani ya ce a kai shi bayan gari a saki. Uwargidan marigayin ce ta aiko a kira ni, ta ce: "Malam, an ce kai ka san kansu. Ka rufa mana asiri ka ɗauke ta, Alhaji da hannunsa yake ba ta ciyawa." Na je na duba, na sa yara biyu suka taya ni kifa ta na ɗan lokaci, na ga cikinta a shafe, wutsiya guntuwa. Mace ce, kuma ƙoƙonta sumul, alamar marigayin ya san abin da yake yi.

A nan ne na gane cewa duk hujjojina na baya suna nan daram, amma ba su amsa wannan tambaya ba. Ɗaukar wannan ba ta cire ko ɗaya daga daji ba, ba ta sa kuɗi a aljihun mai kwali ba, kuma an san jinsinta da tarihinta. Dattijo ba ya bukatarta, ita ce take bukatar wuri. Na kwana uku ina auna tsakar gidana da ido, sannan na amsa, bisa sharaɗin da na gindaya wa kaina da iyalina. Za a raba bayan gida biyu da katangar bulo wadda ba za su hango juna ta cikinta ba, domin kunkuru idan yana ganin abin da ke gaba ba ya daina tunkurar shinge, kuma za a nutsa harsashinta sosai saboda haƙa. Kowannensu da inuwarsa da farantin ruwansa. Likitan dabbobi zai duba ta kafin ta shigo, a cire kaska idan akwai, kuma awakin maiɗakina za su koma gaban gida. Ba za a haɗa su ba ko bayan wata shida, domin ba ni da inda zan kai 'ya'ya talatin. Yara sun ji haushin wannan sharaɗi na ƙarshe, uwarsu kuma ta ce wannan wane irin aure ne da katanga a tsakani, na ce mata ba aure ba ne, maƙwabtaka ce. Babban ɗana, wanda asali don shi aka kawo Dattijo, ya yi mini alkawari a gaban 'yan'uwansa cewa shi zai ɗauki ɗaya idan ta Allah ta kasance, ɗayan kuma har yanzu muna tattaunawa.

Roƙona ga likitocin dabbobi na jihohin Bauchi da Gombe shi ne su riƙa sa wannan batu cikin shirye-shiryen da suke yi a rediyo, domin yawancin masu kunkuru ba su taɓa jin cewa ana kai shi asibiti ba. Ina kuma kira ga hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, wato NESREA, da ma'aikatun muhalli na jihohin biyu su leƙa cikin kwalayen nan da ake yawo da su, su kuma tanadi wurin da magada za su iya miƙa irin wannan dabba idan mai ita ya rasu, tunda ba kullum za a sami maƙwabci mai fili ba. Idan akwai mai karatu da ya daɗe yana riƙe da biyu a gida ɗaya, zan so ya rubuto ta wannan shafi ya faɗa mana yadda ya tsara wurinsa, musamman yadda yake hana su haƙa ta ƙarƙashin katanga, domin birkila zai fara aiki ranar Asabar mai zuwa, kuma magada sun ba ni zuwa ƙarshen wata in kwashe ta.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu a kullum,
daga unguwar Fadaman Mada, Bauchi.